Ƙanena ya samu kwas ɗin nazarin ƙwadago, mu bar shi ya tafi ko ya sake JAMB?

Abban Hanifa, Daura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema kuma ta gaggawa ce don an ce nan da sati uku za a rufe rijista. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu kenan yana neman karatun lauya bai samu ba, bana sai ga shi wata jami'ar gwamnatin tarayya a kudu ta ba shi gurbi amma ba lauyan ba, wani kwas ne na nazarin ƙwadago da hulɗar ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, shekara huɗu. Shi yaron murna yake ta yi, ya ce ya duba darussan ya ga akwai dokar ƙwadago a ciki akwai tattalin arziki akwai tarihin ƙungiyoyin ma'aikata da yadda ake zaman sasanci kan albashi, wai ko ba a ba shi lauya ba wannan ya yi mashi.

To ni ne mai biya. Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da gidan, sana'ata ɗinki ce sai ɗan noman da nake taɓawa da damina, kuma da na zauna na lissafa kuɗin mota kaɗai zuwa da dawowa da na makwanci da na abinci wlh sai da gabana ya faɗi. Hajiyarmu ta ce ita ba ta gane wannan karatu ba, yanzu yajin aikin ma sai an je jami'a an koyo shi? Kawunmu kuma ya ce ya haƙura ya nemi jami'ar sufuri da ke nan Daura ko poli, ga gida ga tuwo, ko ya sake zama JAMB baɗi.

Tambayata biyu ce. Na farko, wanda ya karanci wannan abu ina yake aiki, ana samun abinci da shi? Na biyu kuma wannan don kaina nake tambaya, mi ya sa gwamnati za ta zuba kuɗi a irin wannan kwas alhali asibitocinmu ba likitoci? Ba raini nake ba wlh sani ne ban yi ba. Wanda ya sani ya taimaka min don ba na so in tauye yaron kuma ba na so in zubar da kuɗin marayu.

Mai Shago, Ƙofar Ƙwaya:

Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Ni gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba, kar ka biya. Yarana biyu a shago duk masu digiri ne, ɗaya kimiyyar siyasa ɗaya nazarin zamantakewa, shekara huɗu ta koma shida saboda yajin aiki suka gama suka yi bautar ƙasa suka dawo suna auna min shinkafa. Wanda ya karanci aikin jinya ko haɗa magunguna ko wutar lantarki ko da gwamnati ba ta ɗauke shi ba zai buɗe nashi, to shi wannan in ya gama mi zai buɗe? Kamfanoni nawa ne a duk jihar Katsina da za su ɗauki mai kula da ma'aikata? Ka lissafa da kanka, masaƙar Funtua, kamfanin ƙarfe na nan cikin gari, 'yan kamfanonin shinkafa da taki, bankuna kuma daga Legas ake yanke masu komai.

Kuma ni 'yan ƙwadagon nan ban ga tsiyar da suka tsinana ma talaka ba. A 2022 ASUU ta rufe jami'o'i wata 8 cur, daga Fabrairu har Oktoba, 'ya'yan wa suka zauna a gida? Namu. Sai su kira yajin aiki mu rufe shago mu yi asara, kwana biyu su shiga ɗaki da gwamnati su fito su ce an janye. Ka sai mashi keken ɗinki ko ka sa shi koyon gyaran sola ya yi poli a gida, kuɗin da za ka kashe shekara huɗu a kudu jari ne mai kyau.

Baba Mai Ritaya, Ƙofar Sauri:

Ɗana Abban Hanifa, Allah ya jiƙan mahaifinku ya saka maka da alheri kan riƙon zumunci. Jikata ce ke buga min wannan ina faɗa mata don idanuna sun yi rauni, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, kusan rabinsu ina cikin shugabancin ƙungiyar malamai a matakin ƙaramar hukuma. Abin da zan gaya maka ganau ne ni ba jiyau ba. Ranar da na fara shiga zaman sasanci da jami'an gwamnati kan ƙarin girma da kuɗin hutu da aka riƙe muna, mu bakwai muka shiga, duk muna da gaskiya duk muna da zafin rai, amma da suka buɗe fayil suka fara kawo lissafin abin da ke shigowa da abin da ke fita da sashe kaza na doka kaza sai muka yi tsit, ba mai iya cewa wannan lissafin ba daidai ba ne don ba mu san inda za mu kama ba. Muka sa hannu kan abin da daga baya muka gane ko rabin haƙƙinmu bai kai ba. Na koma gida ban iya cin abinci ba don na san gobe malamai za su tare ni su ce an saye mu, kuma wallahi ko sisi ba a ba mu ba, rashin sani ne kawai, shi kuwa ya fi dare duhu. Sai da aka tura ni wani ɗan kwas na kwanaki a cibiyar nazarin ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori sannan idona ya buɗe, na dawo ina cewa ina ma tun ina saurayi na samu wanga ilimi. Abin da na samu a 'yan kwanaki shi ne ƙanenka zai zauna shekara huɗu shina sha.

Alhaji Mai Shago ka ce ba ka ga abin da ƙwadago ta yi ba. Ban ga laifinka ba don ba a koya muna tarihin a makaranta, kuma wannan kanshi hujja ce ta a koyar da shi. Kakannin yaran nan an ɗebe su aikin tilas, layin dogo da ya iso Kano a 1911 da gumin talakawa aka shimfiɗa shi, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos, shi ne tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su can. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da in aka ambaci Jos sai ya tashi ya bar wurin. Ba wanda ya tashi da safe don tausayi ya ce a daina wulaƙanta lebura. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aiki na gama-gari sama da kwana 40 kan kuɗin tsadar rayuwa, Imoudu ma'aikacin jirgin ƙasa shina gaba, Turawa ba su so ba amma dole suka kafa kwamiti aka yi ƙari. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A 1964 aka sake wani babban yajin bayan rahoton kwamitin Morgan kan albashi. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC da kuke gani a 1978 aka kafa ta, Hassan Sunmonu ne shugabanta na farko, kuma a 1981 zamanin Shagari sai da aka yi yajin aiki kafin a samu mafi ƙarancin albashi na Naira 125. Ina cikin aiki lokacin, Naira ta fi Dala daraja, 125 ɗin nan ta kai Dala 200. Amma 70,000 da aka sa ma hannu a 2024 ko Dala 50 ba ta kai ba a ranar da aka sa hannun. To wa zai zauna ya yi wanga lissafi ya aje ma gwamnati a kan tebur in ba wanda ya karanta ba? Hutun ranar ma'aikata ma na 1 ga Mayu, Abubakar Rimi ya fara ba da shi a Kano a 1980 kafin tarayya ta bi a 1981, abin namu ne nan Arewa ba baƙo ba ne.

Kai ma Alhaji, Janairun 2012 da aka kai litar mai daga 65 zuwa 141, zaman gida da zanga-zangar da aka yi ne suka maido ta 97, kuma na san motar da ke kawo maka kaya mai take sha. Ban ce shugabannin ƙwadago duk na kirki ba ne, na ga masu cin amana da idona na kuma yi faɗa da su. Amma abin da na lura, jahili cikinmu ya fi saurin sayuwa, don shi bai ma san darajar abin da ke hannunshi ba.

Ka gaya ma Hajiya ba yajin aiki ake koyo ba, yadda za a samu haƙƙi ba tare da an kai ga yajin ba ake koyo. Kuma ka tuna mata Manzon Allah SAW ya ce a ba ma'aikaci ladanshi kafin guminshi ya bushe, malamanmu na zaure suna karantar da babin ijara tun kafin zuwan Bature. Ni dai in da hali ka bar shi ya tafi.

Maman Sultan, Katsina:

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, maganarka ta sa ni hawaye don ta taɓo min inda ke min ciwo. Yaya Abban Hanifa ni ban karanci kwas ɗin ba amma bari in ba ka labarin rashinshi. Shekara biyar ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ba takardar ɗaukar aiki ba komai, baki da baki ne kawai aka ce ki fara ranar Litinin, albashin ma in an yi hutun dogon zango babu shi wai ai yara ba su biya ba. Da na samu cikin Sultan na je neman hutun haihuwa aka ce in je in na yi arba'in in dawo, na dawo na tarar an sa wata a ajina, aka ce in jira za a kira ni, yau shekara uku ba a kira ni ba kuma albashina na wata biyu na can. Na yi kuka na bar ma Allah don ban san akwai inda ake kai ƙara ba, kuma maigidana ya ce mace da zuwa kotu ba tsari ba ne.

Sai bara wata ƙawata da ke aiki da ƙungiyar ma'aikatan jinya take nuna min a waya cewa dokar ƙwadago ta 1974 ta ce dole mai aiki ya ba ka rubutacciyar takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku da farawa, mai ciki tana da sati shida kafin haihuwa da sati shida bayanta kuma in ta yi wata shida tana aiki a wurin a biya ta aƙalla rabin albashi, har rabin awa sau biyu a rana na shayarwa an rubuta, sannan wanda ya shekara biyar ba a sallamarshi sai da sanarwar wata guda. Wlh na daɗe ina kallon wayar nan. Dokar ta girme ni amma ban taɓa jin ta ba ko a rediyo, kuma na yi NCE fa, to ina ga 'yar aikin gida ko masu tsintar tumatir a gonakin rani ko matan da ke surfe da shara a gidajen abinci?

Mu a nan in an cuce ka sai a ce ka yi haƙuri arziki na Allah ne, eh na Allah ne amma haƙƙi ma Allah ne ya wajabta shi. Da a ce muna da yaranmu masu jin Hausa da suka karanci wannan abu suna shiga rediyo suna bayani ko suna zama da ƙungiyoyin malamai da na mata da ba a yi min abin da aka yi min ba. Ka bar shi ya je Yaya, amma ka ce in ya gama ya dawo gida kar ya maƙale a can.

Ɗan Mashi a Kano:

Salam. Yaya Abban Hanifa ni abin da ƙanenka ya samu shi na karanta, na gama shekara tara da suka wuce, yanzu ina ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani a Kano, to bari in ba ka amsar tambayarka ta farko ba ƙari ba ragi. Ana samun abinci amma ba a kwance ba, kuma Alhaji Mai Shago yana da gaskiya cewa a Katsina guraben ba su da yawa. 'Yan ajinmu mafi yawa ofishin ma'aikata suka shiga a bankuna da kamfanonin waya da masana'antu da ƙungiyoyin agaji, wasu ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a matsayin jami'an duba wuraren aiki, wasu hukumar fansho da kamfanonin fansho da asusun NSITF mai biyan diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki, kaɗan ne ƙwarai suka shiga ƙungiyoyin ƙwadago a matsayin ma'aikatan sakatariya, akwai kuma waɗanda har yau ba su samu komai ba kamar kowane kwas. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ina koyarwa kafin in samu. Abin da ya taimake ni jarabawar CIPM, wato cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, da na yi da kuma iya kwamfuta musamman lissafin albashi a Excel, ka gaya mashi tun yana aji biyu ya fara waɗannan, digirin kaɗai ba ya isa.

Abu na biyu da ba a faɗa wa yara, kuma Baba Mai Ritaya ya gafarce ni, yawancinmu da muka karanci wannan ilimi ɓangaren mai kamfani muke zama ba ɓangaren lebura ba, don can ne albashin yake. Ni nake rubuta takardar gargaɗi ni nake rubuta ta sallama. Akwai daren da ba na barci. Amma kuma ni ne na zauna da masu kamfanin na nuna masu da lissafi cewa riƙe mutum shekara da shekaru a matsayin lebura na wucin gadi ba riba ba ce, ana ta horar da sababbi suna gudu, aka mayar da mutum goma sha na dindindin aka fara zuba masu fansho, kashi 10 daga kamfani kashi 8 daga albashinsu yadda dokar 2014 ta ce. Da wani yaro injin ya cinye mashi yatsu biyu da ba don na san dokar diyya ta 2010 ba da kuɗin asibiti kawai za a ba shi a ce Allah ya kiyaye gaba. To ko ta wane ɓangare mutum ya zauna in yana da tsoron Allah ilimin na aiki.

Anti Maman Sultan Allah ya bi maki haƙƙinki, amma akwai gyara kaɗan don kar wani ya karanta ya tafi da shi haka. Ita dokar 1974 ma'anar ma'aikaci a cikinta ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru, to lauyan makaranta zai iya cewa malama ba ta ciki. Haka mafi ƙarancin albashi, wurin da ma'aikatanshi ba su kai 25 ba dokar ba ta hau kanshi ba. Amma wannan bai rufe maki ƙofa ba, kotun ma'aikata ta ƙasa tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin duk wata rigimar aiki kuma tana zama a Kano, albashin da kika yi aikinshi kuwa bashi ne ko da takarda ko babu, in kina da shedar turo kuɗi ta banki ko saƙonnin waya ki adana su ki nemi lauya ki ji, kar ki ƙara jinkiri. Kin ga irin waɗannan ramukan na doka su ne ake zama a aji ana tonawa.

Malam na Dutsin-ma:

Ni malamin jami'a ne ɓangaren nazarin zamantakewa, zan taɓa tambaya ta biyu don ita ta fi damuna. Malam Abban Hanifa ba a cire kuɗin likita a ba wannan kwas, shi kwas irin wannan allo ne da littattafai da malamai, ba ɗakin gwaji ba injina, yana cikin mafi arha a jami'a. Kuma ka tambayi kanka mi ya sa asibitin ba likita? Muna yaye su duk shekara, suna tafiya Saudiyya da Ingila ne saboda albashi da yawan aiki da rashin kayan aiki, wannan kuwa ba matsalar ilimin likitanci ba ce matsalar ƙwadago ce tsantsa, wanda ya karanci yadda ake tsara albashi da riƙe ma'aikaci shi zai gaya maka ta inda rijiyar ke yoyo.

Dalilin da ya sa nake cewa sai jami'ar gwamnati, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai rijista suke ba. Su ne 'yan ga-ruwa da 'yan dako a kasuwar Charanchi da Mai'adua da Jibiya, 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ke biyan balas kullum, leburorin gini, 'yan ƙwadagon gona, 'yan ci-rani da ke tafiya Legas da Fatakwal, yaran shago, har yaran da ke ɗinki a shagonka. Wa ya san nawa suke samu, awa nawa suke yi, in sun yi hatsari wa ke ɗaukar su, in sun tsufa mi suke ci? Jami'ar kuɗi ba za ta yi wannan bincike ba don ɗan ga-ruwa ba zai biya ta ba, kamfani ma ba zai yi ba. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ana yi ta Daura da Katsina da Jibiya, yaranmu na aiki a ciki, ya kamata a ce akwai ɗalibai da ke bin su suna rubuta yadda aikin yake da abin da zai faru da su ranar da aka gama.

A waje an daɗe da gane haka. Jihar New York a Amurka da kuɗin gwamnati ta kafa makarantar nazarin ƙwadago a jami'ar Cornell a 1945, a Ingila akwai kwalejin Ruskin a Oxford tun 1899 don ma'aikata, can Adams Oshiomhole ya je karatu daga masaƙa a Kaduna kafin ya zo ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. A nan gida jami'ar Legas da ta Ibadan sun daɗe suna koyar da shi. Mu da muke da Kakuri da Bompai da Sharaɗa, muka ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu dubban mutane suka rasa aiki wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu, mu ya fi kamata mu riƙe wannan ilimi. Sabon tsarin manhaja na hukumar kula da jami'o'i NUC ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta, to ni a ganina ko ba a buɗe sashe guda ba jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-ma za su iya sa darasi ɗaya na haƙƙin ma'aikaci da kowane ɗalibi zai yi, da kwas na yamma da Hausa don shugabannin 'yan yuniyon na tasha da na kasuwa.

Alhaji kan yajin ASUU ba zan yi musu da kai ba cewa ɗalibai sun cutu, nawa 'ya'yan ma sun zauna a gida kuma mun yi watanni ba albashi. Amma yarjejeniyar 2009 ce tsakanin ASUU da gwamnati aka sa wa hannu aka yi ta jan ƙafa a kanta, ƙasar da ke da ƙwararrun masu sasanci ta kowane ɓangare kuma ake jin maganarsu ba ta kai wa wata 8.

Mai Shago, Ƙofar Ƙwaya:

Baba Allah ya ba ka haƙuri in maganata ta yi kaushi, ban san tarihin ɗiban gwamna haka ba sai yau duk da na sha jin kalmar a bakin kakata. Malam na ji bayaninka kuma na yarda ƙasa na buƙatar abin, amma ƙasa daban tela mai riƙe da marayu daban. Shi Ɗan Mashi da bakinshi ya ce shekara biyu ya yi yana jira kuma a Kano ya samu ba a gida ba. In gwamnati ta san yana da amfani ta ba yaron tallafin karatu mana. Ni har yanzu ina kan bakana, sai dai in yaron zai riƙe sana'a a hannu yana karatun. Kuma maganar yaran shago da ka kawo Malam ta tsaya min a rai, nawa ban taɓa rubuta masu komai ba, mu yadda muka gada in yaro ya yi shekaru ka sallame shi da jari, ban sani ba ko wannan ya wadatar a doka.

Abban Hanifa, Daura:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci, Baba Allah ya ƙara girma. Jiya da daddare na karanta ma Hajiya duka, da na zo kan labarin Maman Sultan ta ce a tsaya, ashe ita ma ƙanwarta haka aka yi mata a wani gidan abinci ban taɓa sani ba. Ba ta ce eh ba tukuna amma ta daina cewa a'a, ta ce a yi istihara a kuma kira Kawu ranar Juma'a. Yaron ya iya ɗinki daidai gwargwado don tun yana sakandare yake zama shagona, na ce mashi in har za a tafi to da keke ɗaya za a tafi ya riƙa ɗinka ma 'yan Arewa da ke can kaftani yana rage min nauyi, ya ce ya yarda, zai kuma cika neman bashin karatu na NELFUND da tallafin jiha.

Ɗan Mashi dan Allah in ba damuwa zan turo maka jerin darussan ta akwatin saƙo ka duba min ko irin naku ne, kuma ita jarabawar CIPM ɗin ana iya fara ta tun yana ɗalibi ko sai ya gama, kuma a Kano ake zama ko sai an je Legas? Sannan Malam ni ma yara huɗu ne a shagona, biyu koyo suke biyu ina biyansu kan kowace riga, ya ya kamata in rubuta tsakanina da su?